Daga lilo zuwa farantin sola: fiziks ɗin da za ka auna da hannunka a Gombe

Ɗalibin sakandare yana haddace cewa g, wato yadda jan ƙasa ke ƙara wa abin da ke faɗowa gudu a kowace daƙiƙa, daidai yake da 9.8, a jarrabawa kuma a ce masa ya ɗauke shi a matsayin 10 don sauƙin lissafi. Abin takaici, da yawa suna gama makaranta ba su taɓa fitar da lambar nan da hannunsu ba, alhali kayan aikin ba su wuce zare da noti da agogon waya ba. Ilimin fiziks gaba ɗayansa a kan awo aka gina shi, kuma sau da yawa sauyin da ya faru a tarihinsa, wani awo ne ya ƙi zuwa daidai da lissafin da ake da shi.

A fara da lilo. Ka samu zaren ɗinkin buhu wanda ba ya miƙewa, da noti mai nauyi irin na tayar babbar mota. Matse kan zaren tsakanin ƙananan katako biyu, ka ɗaure su a sandar labule ko a ƙusa mai ƙarfi, yadda wurin da lilon ke juyawa ba zai riƙa motsi ba. Ka auna mita ɗaya cif daga bakin katakon zuwa tsakiyar notin. Nan ne kuskuren farko yake: wanda ya tsaya a saman noti ya bar santimita biyu, ya riga ya rage kashi biyu cikin ɗari daga amsarsa. Ja notin gefe kamar santimita 15, ka sake shi ba tare da turawa ba. Kada ka kama lokaci a ƙarshen tafiyarsa inda yake yin sanyi; yi alama da alli a bango daidai tsakiya inda ya fi gudu, ka danna agogo yayin da ya gifta, kana cewa "sifiri". Mai fara ƙirga da "ɗaya" zagaye 19 zai auna yana zaton 20 ne. Zagaye guda shi ne tafiya da dawowa.

Zagaye 20 za su ci daƙiƙa 40.2 ko kusa da haka, wato kowane zagaye 2.01. Ka ninka 2.01 da kansa, ka samu 4.04. Raba 39.48 da shi (wannan shi ne 4π² sau tsawon zaren), amsa ta ba ka 9.77. Me ya sa sai 20? Yatsan ɗan Adam yana makara da kusan daƙiƙa 0.2 wajen danna agogo. A zagaye ɗaya wannan kashi goma ne cikin ɗari, kuma da yake ana ninka lokacin da kansa, sai kuskuren ya zama kashi ashirin a cikin g. In ka baza shi a kan zagaye 20, ya koma kashi ɗaya. A kashe fanka, a rufe taga in ana iskar hunturu. Kada kuma a ja lilon da nisa don yara su gani da kyau: a digiri 30 lokacin zagaye yana ƙaruwa da kashi 1.7, g kuma ya faɗi da fiye da kashi uku. Daga nan ka sauya notin da wanda ya ninka shi nauyi, tsawon zare yana nan yadda yake. Lokacin ba zai sauya ba. Wannan shi ne darasin da ya fi wahalar shiga kai, domin zuciya tana raya wa mutum cewa mai nauyi shi ya fi saurin faɗowa.

Galileyo, mutumin Italiya, shi ya kafa wannan magana da hujja a littafinsa na 1638. Ba shi da agogo irin namu, sai ya gangara ƙwallon tagulla a kan katako mai kwari don ya rage saurin faɗuwa, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya zuba daga tulu. Ya ga nisan da ƙwallon ke ci a jere yana bin 1, 3, 5, 7. Tun kafin shi da ƙarni shida, Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya riga ya nuna cewa haske ne ke shigowa ido daga abu, kuma ya gwada hakan a ɗaki mai duhu. Duk wanda ya zauna a ɗakin kwano da rana tsaka ya ga gwajinsa: hujin ƙusa ko wace siffa gare shi, ɗigon hasken da ke ƙasa zagayayye ne, domin hoton rana ne kanta.

Akwai wani abu game da lambar nan da ya shafe mu. A Landan g kusan 9.81 ne, a Gombe kuwa, da take kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, 9.78 ne. Zarenka ba zai raba su ba, tunda bambancin bai kai kuskuren yatsanka ba. Amma a 1672 wani Bafaranshe mai suna Rishe ya kai agogon lilo daga Faris zuwa Kayen a Kudancin Amurka, ya tarar yana makara da kusan minti biyu da rabi kullum. Agogo yana tara ɗan bambancin nan cikin daƙiƙa 86,400 na yini, shi ya sa ya fito fili. Niyuton ya bayyana dalili: duniya tana juyawa, kuma ta fi kumbura a tsakiyarta.

Littafin Niyuton na 1687 ya haɗa ƙasa da sama a doka ɗaya. Wata yana nesa da mu kamar ninki 60 na nisan da ke tsakanin doron ƙasa da cibiyarta. Idan jan yana raguwa da ninkin nisa sau kansa, to a can ya zama kashi ɗaya cikin 3,600 na g, wato 0.0027. Lissafin zagayen wata ya ba da wannan lamba daidai. Ke nan abin da ke dawo da notinka shi ke riƙe da wata. A nan ina roƙon malamai su daina ce masa "maganaɗisun ƙasa", domin yaro zai ɗauka ƙarfe kaɗai yake ja, alhali goriba ma faɗowa take. Dokar ta yi ƙarfi har a 1846 aka lissafa inda wata duniyar da ba a sani ba take, aka nufi wurin da madubin hange a Balin ta Jamus, aka ga duniyar Naftun.

Wutar lantarki ta zo daga wata kafa. A 1831 Farade ya gano cewa maganaɗisu mai motsi kusa da naɗin waya yana haifar da wuta. Naɗa siririyar wayar tagulla sau 200 a kan guntun bututu, haɗa ta da mita mai allura, ka zura maganaɗisun tsohuwar sifika da sauri. Allura za ta zabura. Tsayar da hannunka, ta koma sifiri ko da maganaɗisun na ciki. Mita mai lambobi ba ta dace ba, don motsin ya fi ta sauri. Injinan madatsar Daɗin Kowa da ƙaramin janareton mai shagon aski a Pantami duk wannan aikin suke yi, ruwan Gongola ke juya ɗaya, fetur ke juya ɗaya. A 1865 Makswel ya tattara dokokin wuta da maganaɗisu, lissafinsa ya fitar da igiya mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, ya ce haske ke nan.

To ina aka samu tsaga? Duniyar Makyuri tana kauce wa lissafin Niyuton da daƙiƙar kusurwa 43 a kowane ƙarni (daƙiƙar kusurwa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri). Gwajin 1887 a Amurka kuma ya nuna gudun haske ba ya sauyawa ko ta wace fuska duniya ta nufa. Ainstain ya warware na biyun a 1905, na farkon a 1915: lokaci ba ya tafiya daidai ga kowa, gudu da ƙarfin ja suna sauya shi. An gwada maganarsa kusa da mu, a tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gini, lokacin husufin rana na 29 ga Mayu, 1919, inda aka ga hasken taurari ya lanƙwasa a gefen rana. Yau taurarin GPS da ke nisan kilomita 20,200 agogonsu yana wuce namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum. Saƙonsu da gudun haske yake tafiya, haske kuwa yana cin mita 300 a kowane kashi ɗaya, don haka ba don gyaran da aka yi ba, wannan ya kai kuskuren kilomita goma sha ɗaya a yini. Ga mai keke napep kuwa a titin Biu, gyaran bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan dubu ba. Niyuton ya ishe shi, ya kuma ishi injiniyan da ke gina gada.

Tsaga ta biyu tana maƙera. Ƙarfe a wuta yana fara ja, ya koma ruwan ɗorawa, ya yi fari. Tsohon lissafi ya kasa fitar da wannan tsarin launi, har Plank a 1900 ya ce ƙarfin haske gutsure-gutsure yake fita, kuma girman kowane gutsure ya dogara da yawan kaɗawar hasken sau wata ƙaramar lamba, h, wadda take 6.63 × 10⁻³⁴. Ainstain ya ɗauki maganar da gaske a 1905, ya ce in haske ya sauka a kan ƙarfe, ƙwayar haske ɗaya ilektron ɗaya (ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki) take bugewa ya fita, kuma in ƙarfinta bai kai ba, yawansu ba ya amfani. A kan wannan aka ba shi kyautar Nobel ta 1921.

Lambar nan ma ana auna ta da kayan mai gyaran rediyo. Ana buƙatar batir mai bolt 9, rizisto (abin rage ƙarfin wuta) mai om 1,000, maɓallin ƙara murya na rediyo don daidaita wuta, mita, da ƙananan ƙwayayen fitila na LED ja da shuɗiya masu garai-garai ɗin kai. A jera rizisto da LED, a ɗora mita a ƙafafun LED ɗin, a shiga ɗaki mai duhu, a leƙa ta cikin naɗaɗɗiyar baƙar takarda, a riƙa murɗa maɓallin a hankali har ɗigon haske na farko ya bayyana. A ce ja ta kama a bolt 1.75, shuɗiya a 2.45. Jan haske mai tsawon zangon igiya nanomita 630 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) yana kaɗawa sau 4.76 × 10¹⁴ a daƙiƙa, shuɗi mai 470 kuma sau 6.38 × 10¹⁴. Ninka bambancin bolt ɗin, 0.70, da cajin ilektron, 1.6 × 10⁻¹⁹, ka raba da bambancin kaɗawar, za ka samu kusan 6.9 × 10⁻³⁴. Kuskuren kashi goma a nan ba abin damuwa ba ne, domin ido ba ya ganin launuka da kaifi ɗaya. Farar LED ba ta yi, shuɗiya ce aka shafa wa sinadari. Wanda ya tsallake rizisto kuwa, nan take zai ƙona ƙwayar.

Farantin sola kishiyar LED ne, haske ke shiga wuta ta fita. An ƙera na silikon na farko mai amfani a 1954 a Amurka, yana mayar da kashi shida kacal na hasken rana. Silikon yana buƙatar ƙwayar haske mai ƙarfin ilektron-bolt 1.1 (ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske ke nan), duk hasken da zangonsa ya wuce nanomita 1,100 ba ya tayar da ilektron ko ɗaya. Shi ya sa kuskure ne a ce zafin Gombe alheri ne ga sola. Wat ɗin da ke rubuce a bayan faranti a digiri 25 aka auna shi, kuma kowane digiri ɗaya sama da haka yana cin kusan kashi 0.4. A watan Afrilu farantin da aka kwantar a kan kwano yana iya kai wa digiri 65, wato asarar kashi 16 tun kafin a yi maganar ƙura. A ɗaga shi aƙalla taƙi guda daga kwano don iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Ƙananan gidajen silikon da ke fuskar farantin a jere suke kamar sarƙa, kowanne yana ba da kusan rabin bolt, 36 daga cikinsu ke haɗa bolt 18 na cajin batir mai 12. Inuwar tankin ruwa ko kashin tantabara a kan gida ɗaya yana shaƙe duk layinsa, wurin kuma ya riƙa zafi har ya ƙone. Lokacin hunturu a riƙa wanke shi da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, kafin gilashin ya ɗauki rana, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi.