Ni da gwangwanin madara

Shekara 17 ke nan ina aikin shimfiɗa tayil a Kumasi. Duk ranar da na yini ina yankan tayil, kafin in shiga gida a Aboabo sai na tsaya wurin mai shayi na shanye gwangwanin madara guda. Haka maigidana ya koya mini tun ina yaron aiki, wai madara tana wanke ƙurar ƙirji. Ban taɓa tambayar ta wace hanya abin da ya sauka ciki zai isa huhu ba.

Bara tari ya kama maigida. Aka gwada kakinsa, aka ce tibi ne, wato tarin fuka. Ya sha maganin kyauta wata 6, ko kwana ɗaya bai tsallake ba. Tibi ya tafi, numfashi bai dawo ba. Mutumin da ke hawa bene da buhun siminti a ka, yanzu tsakanin gida da masallaci sai ya tsaya sau biyu.

Na raka shi asibitin Komfo Anokye. Likita ya duba hoton ƙirjin, ya ce, "Baba, wane aiki kuke yi, kuma shekara nawa?" Daga nan muka ji sunan silikosis. Ƙurar dutse, yashi, kankare da tayil ce, mai laushin da ido ba ya gani. Tana sauka can ƙasan huhu ta zauna, wurin ya yi tabo, tabon kuma ba ya warkewa. Takan yi shekara 10 zuwa 20 kafin ta nuna kanta, kuma mai ita ya fi saurin kamuwa da tibi.

Sai likitan ya juyo gare ni. "Kai ma aikinku ɗaya?"

Wata biyu na yi ina jan ƙafa kafin in je a gwada ni. Na ce wa uwargida ranar da ban fita ba babu kuɗin cefane, gaskiya ne, amma tsoro ya fi yawa. Da na je, suka ɗauki hoton ƙirji, suka matse mini hanci na busa cikin wani bututu har idanuna suka kawo ruwa. Alhamdu lillahi ba a ga tabo ba tukuna, amma an ce in riƙa dawowa.

Yanzu injin yanka mai zuba ruwa nake haya, na kuma yar da hankicin da nake ɗaurawa, na koma takunkumin N95 mai tace ƙura. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ɗora wa mai ba da aiki samar da kayan kariya, sai dai mu masu aikin yini wa za mu riƙe? Da kuɗina nake saya wa yaran aikina biyu takunkumin, su kuwa da na juya baya sun sauke shi zuwa haɓa, wai zafi.

Ranar Juma'a na je gaishe da maigida. Ya ga farar ƙura a girata, ya tsaya ya ja numfashi, sannan ya ce, "Ka dai sha madararka?"

Na ce, "Na sha, Baba."