Kwana biyu a duwatsun Girraween

Ni ɗan Zariya ne, a gindin Kufena na tashi. Shi ya sa da madugun ƙungiyarmu ta masu yawon daji ya tambaye ni ko na taɓa hawan dutse, dariya kawai na yi masa.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a muka bar Birisben, mu goma sha ɗaya a mota uku. Tafiyar kilomita 260 ce, kudu maso yamma, ta Warwick da Stanthorpe, garin tuffa da inabi, har gandun dajin Girraween da ke kan iyakar jihar Kwinsland da New South Wales a Ostireliya. Watan Agusta ne. A gida ana tsakiyar damina, a can kuwa hunturu ne sosai. Rana na faɗuwa muka kafa tantuna kusa da rafin Bald Rock Creek, ga kangaru suna kiwo a gefenmu kamar awakin unguwa, ko ɗaga kai ba su yi ba.

Doka ta hana yin ice a gandun, don haka a ɗan murhun gas muka dafa taliya da shayi. Daren nan na san cewa sanyin Jos wasan yara ne. Da asuba raɓa ta daskare a kan tanti, ciyawa ta yi fari fat. Sai da na ɗumama ruwa kafin na iya alwala, duk da haka yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa.

Dutsen da muka nufa ranar Asabar suna kiran sa Pyramid, wato Dala, amma kada Bakano ya ɗauka irin tasa ce mai matakala har sama. Zuwa da dawowa kilomita 3.6 ne kacal, ƙolin kuma mita 1,080 daga matakin teku. Farkon hanya cikin itatuwan turare ne, da wasu bishiyoyi da suka yi fure rawaya shar. An ce ma'anar Girraween ke nan, wurin furanni. Daga nan itatuwa suka ƙare, sai falalen dutse tsirara, a miƙe, ba igiya ba abin dafawa.

Ban yi nisa ba na waiga ƙasa, gwiwoyina suka ɗau rawa. Na durƙusa na kama rarrafe, takalmina na zamewa. Wata dattijuwa da ta yi jika da ni ta tsaya a kaina, hannunta a aljihu. Ta ce, “Yaro, miƙe tsaye. Ɗora tafin ƙafarka gaba ɗaya.” Ta bayyana mini cewa in ka kwanta wa dutsen, nauyinka na tura ƙafa baya ne, in ka miƙe kuwa yana danna ta a kan ƙwayoyin dutsen masu kaushi, su riƙe ka. Sharaɗi ɗaya ne, a bushe yake. Da an yi yayyafi, madugu ya ce ko kusa ba za mu zo ba, don santsinsa ya fi na kuɓewa.

Na miƙe, zuciya na dukan uku-uku, sai ga shi takalmin ya kama. A nan na tuna cewa a Kufena ba da takalmi muke hawa ba, kuma ba wanda ya koya mana tsayuwa. Ƙafa ta sani tun muna yara, girma ne ya mantar da ita.

A sama akwai wani ƙaton dutse mulmulalle da ya tsaya a kan ɗan ƙaramin gindi, kai ka ce yaro zai iya ture shi. Duk wanda ya ga duwatsun Riyom ya san irinsa. Narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce. Abin da ya rufe shi ya zaizaye, ruwa ya bi tsagogi yana cin kusurwoyi, saman kuma yana ɓarewa kamar bawon albasa. Daga inuwarsa muka hango duwatsun Castle Rock da Mount Norman, mai mita 1,267, wanda ya fi kowane tsawo a gandun.

Saukowa ta fi hawa wuya. Shawarar dattijuwa ta gudu daga kaina, na zauna na ja gindi, wandona ya yage. Ranar Lahadi sauran suka tafi Castle Rock, ni kuwa na ce zan tsare kaya, ko da yake ba ɓarawo a wurin sai tsuntsayen da suka sace mana burodi.

A hanyar dawowa muka tsaya Stanthorpe sayen tuffa, na kira Inna na ba ta labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, “To, me ka ajiye a can saman da ka je ɗaukowa?”