Na je Hyde sayen atamfar Ingila, na dawo da jaka wayam

Har yau idan na tuna kuɗin jirgin ƙasan nan sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro, kuma ba wanda zan ɗora wa laifi sai kaina.

Gwaggona ce ta tayar da maganar. Ta fi shekara talatin tana sayar da atamfa a cikin gida a Kaduna, a Kantin Kwari take sari. Da bikin ƙanwata ya matso sai ta kira ni: "Ɗan nan, tunda Allah ya kai ka garin masu abin, ka je kamfanin da ƙafarka ka sayo mana Ingila 'yar asali. Mun gaji da 'yar Caina." Har hoton bakin wani tsohon zaninta ta turo, ga tambarin ABC raɗau a jiki. Na duba a waya, na ga a wani gari ake buga ta mai suna Hyde (Haid suke cewa), kilomita goma sha ɗaya ko kusa da haka gabas da Manchesta. A nan na tsaya da karatu. Da na ƙara layi biyu kacal, da ban yi wannan tafiya ba.

Kafin mako ya zagayo mata sun haɗa kuɗin turmi goma sha huɗu: Gwaggo, Yaya Babba, matan yayyena biyu, har da maƙwabciya. Aka canja aka turo mini fam. Ni kuwa ina ta cika baki, wai farashin kamfani zan samo musu.

Ranar Talata da sassafe na isa tashar Euston a Landan, na yanki tikiti nan take, a daidai lokacin da 'yan ofis ke tafiya. Wanda ya san ƙasar nan ya riga ya gane ɓarnar da na yi. Kuɗin cefanena na kusan wata guda ya tafi a tafiyar awa biyu da 'yan mintoci. Daga baya abokin zamana ya yi ta dariya, ya ce da na saya makonni kafin ranar, ko na jira rana ta ɗaga, ko na yi katin ɗalibai mai rage kashi ɗaya cikin uku, ko ma na bi bas daga Victoria, da ban biya ko rabin haka ba.

A tashar Piccadilly ta Manchesta na fara ganin alama, ban dai karanta ta ba. Jirgin da zan hau ya shigo maƙil, mutane suka yi ta kwarara waje da jakunkunan kwamfuta da kofunan kofi a hannu. Da ya juya da mu, mu biyar ne a taragon. Garin da masana'anta ke aiki ai da safe shiga ake yi, ba fita ba. Ɗan Kaduna ne ni, mahaifina a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, na san yadda kekuna ke cika hanya idan lokacin canjin aiki ya yi. Ya kamata in gane.

Na sauka a Newton for Hyde, bai fi minti ashirin ba. Shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Jerin gidajen jan bulo manne da juna, irin waɗanda aka gina wa ma'aikatan masaƙa a ƙarni na 19, kowace ƙofa a rufe, kwandunan shara masu taya a jere a bakin titi. Daga can ƙasa kuma ana jin gurnanin babbar hanyar M67, wadda ta tsaga garin biyu. Na yi ta zagaye ina neman dogon bututun hayaƙi, ko ƙofar da manyan motoci ke shiga, ko warin rini. Babu ko ɗaya.

Wani dattijo mai yawo da kare ne ya cece ni. Na nuna masa hoton zanin Gwaggo. Ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya ce a nan ya yi aiki tun yana saurayi. Sai ya ɗaga hannunsa na dama yana juya shi, ya ce a wancan lokacin ko ranar Lahadi shuɗin baba ba ya fita daga ƙarƙashin farcensa. Ya kwatanta mini yadda ake bi da farin yadi tsakanin manyan sandunan jan ƙarfe masu zane su shafa masa danƙo gaba da baya, a tsoma a baba, a ɓarɓashe danƙon, sannan a ɗora sauran launuka. Shi ya sa atamfar ƙwarai ba ta da ciki da baya, kuma waɗannan 'yan tsage-tsagen da matanmu ke dubawa daga fashewar danƙon suke. Sannan ya miƙo mini wayar ya ce na makara da shekaru masu yawa, aikin ya koma Gana.

Na zauna a kan wata katanga na karanta layukan da na tsallake. Tun 1908 ake buga irin wannan atamfa a Hyde, dabarar kuwa asalinta daga tsibirin Jaba na Indonesiya take. A farkon shekarun 1990 rukunin kamfanonin Cha na Hong Kong ya sayi ABC, daga baya aka mayar da bugun garin Akosombo na Gana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, su ne dai masu masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda ta rufe a 2007. Wato na bar garin da masaƙunsa suka mutu, na biya wannan uban kuɗi, na zo kallon wani. Bambancin kawai, su nan sun sami Manchesta a kusa, jikokin masu saƙa suna hawa jirgi da safe su dawo da yamma su kwana.

Tunda tikitin komawata na yamma ne, sai na gangara cikin gari. Akwai 'yar kasuwa a gaban ginin majalisar gari mai hasumiyar agogo, rumfuna kaɗan, tsofaffi da masu tura jarirai. Na yi azahar a masallacin 'yan Bangaladash, waɗanda su ma aikin masaƙa ne ya kawo iyayensu, na ci shinkafa da miya mai yaji a wani shagonsu. Wannan kaɗai ne cinikin da na yi riba a ranar. Na kuma taka bakin magudanar Peak Forest, inda a da jiragen ruwa ke dakon kaya, yanzu sai agwagi da masu gudun motsa jiki. An ce mini in hau tudun Werneth Low in hango Manchesta gaba ɗaya. Da wace zuciyar?

Mai niyyar zuwa irin waɗannan garuruwa na arewacin Ingila, ya je don kallo, ba laifi, akwai abin gani. Amma sunan gari a bakin zani ko a gindin kwano ba ya nufin har yanzu a can ake yin abin. Ya bincika da kyau kafin ya karɓi kuɗin mata, ya kuma sayi tikitinsa da wuri. Kada ya yi zaton zai sami mai ba shi labari a titi da hantsi. Ni sa'a na yi da mai kare.

A jirgin komawa na kira Gwaggo. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Gana? Ikon Allah. To ai Alhajin da nake sari a wurinsa duk wata sai ya aika Akara." Ban ce komai ba.

Atamfar dai na saye ta ranar Asabar a shagunan Petticoat Lane a Landan, kusa da tashar Liverpool Street, tafiyar minti ashirin da biyar daga ɗakina. Turmi goma sha ɗaya kuɗin ya isa. Ukun da suka rage na cika daga aljihuna, don ba zan iya yi wa Yaya Babba bayani ba.