Haɗa sabulun ruwa a gida: awo da jerin zubi

Sabulun ruwan da ake wanke-wanke da goge ƙasa da shi ba dafa shi ake yi ba, haɗa shi ake yi, kuma ƙashin bayan haɗin abu biyu ne: salfonik asid da kostik soda. Salfonik shi ke cire maiƙo, amma shi kaɗai yana cin hannu. Kostik ma haka. Sai sun haɗu daidai wa daida kowanne ya kashe kaifin ɗan'uwansa, sannan a sami sabulu. Sauran kayan duk taimako suke yi.

Ga awon lita 20: salfonik lita 1, kostik soda giram 130, Texapon (mai ƙara kumfa) rabin kilo, Nitrosol (garin da ke sa kauri) giram 125, sai kala da turare. Duk ana samunsu a shagunan masu sayar da kemikal. Ki nemi ƙaramin sikeli da takardar gwajin pH (mai nuna ko asid ko kostik ne ya yi yawa) tun a nan. Awon cokali da gwangwanin madara shi ke ɓata wa mutane haɗi, domin kostik mai ɓarzo da mai laushi ba nauyinsu ɗaya ba ne a cokali.

Ki fara da kostik, tunda sai ya huce. Ki sa safar hannu ta roba da takunkumi, a waje mai iska. Ki zuba ruwa lita 2 a bokitin roba, sannan ki riƙa zuba kostik a cikin ruwan kaɗan-kaɗan kina juyawa. Kada a taɓa zuba ruwa a kan kostik, zai tafasa ya fantsamo. Kada kuma a yi aikin a tukunyar alminiyam, kostik na cinta. Za ki ji gindin bokitin ya ɗau zafi, ruwan ya yi fari-fari kafin ya washe. Ki rufe ki ajiye inda yaro ba zai kai ba har ya yi sanyi. Wannan ruwan ido ba ya bambanta shi da ruwan sha, kuma yaron da ya kurɓa zai iya ƙone maƙogwaro har abada. Idan hakan ta faru kada a sa shi amai, a garzaya asibiti. Idan fata ko ido ya taɓa, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15.

A babban baho ki zuba ruwan sanyi lita 14, ki riƙa barbaɗa Nitrosol da hannu ɗaya kina juyawa da muciya da ɗayan. A nan gudaji ke samuwa. In kika juye garin gaba ɗaya, bayansa zai jiƙe ya kulle busasshen a ciki, kuma juyin duniya ba zai narkar da shi ba. Haka in ruwan akwai kostik a ciki tun farko, garin zai kumbura kafin ya watsu. Shi ya sa tsurar ruwa ake fara ba shi. Bayan ya watsu sai ki tsiyaya ruwan kostik, cikin 'yan mintuna za ki ji muciya ta fara nauyi, ruwan ya yi yauƙi kamar kunun da ya fara kama jiki. Idan Antisol, wani garin sa kauri, kika samu maimakon Nitrosol, shi jiƙa shi ake yi ya kwana.

A wani roba daban ki haɗa Texapon da salfonik ki buga har su zama abu ɗaya. Texapon in ya gamu da ruwa kai tsaye dunƙulewa yake yi, ya daɗe bai saki ba. Da sun haɗu kada ki bar su su jima, ki riƙa zubawa a baho a hankali, juyi ta gefe ɗaya ba da ƙarfi ba, don kada kumfa ta cika miki baho. Launin ruwan ƙasa mai duhu na salfonik zai koma ruwan ɗorawa mai haske. Ki cika da ruwa ya kai lita 20.

Yanzu ki tsoma takardar gwaji. Tsakanin 7 da 8 ake so. In ta nuna ƙasa da 6, asid ya yi yawa, ki narka ɗan kostik ki ƙara cokali-cokali kina sake gwadawa. In ta haura 9, ki ɗiga salfonik. Sabulun da ke sa tafin hannu sulɓi sannan ya bushe ya tsage, kostik ne ya yi masa yawa. Masu gwadawa da harshe su daina.

Kala a narka ta a ruwa tukuna, in ba haka ba za ta yi ɗigo-ɗigo. Turare ya zo ƙarshe, kuma wanda ke shiga ruwa, don mai maiƙo yakan taso sama ko ya dusashe sabulun. A rufe ya kwana kumfa ta kwanta kafin a ɗura a jarka.

Masu saye na auna kyan sabulu da kauri, alhali kauri ba ya wanke kwano. Wanda ya rage salfonik ya ƙara Nitrosol ruwa mai yauƙi ya sayar. Gishiri ma na ƙara kauri, amma yana da iyaka, da an wuce ta sabulun zai tsinke ya yi hazo, don haka a narka shi a sa kaɗan-kaɗan. Hazon kan zo kuma daga ruwan rijiyar burtsatse mai nauyi, wato mai yawan ma'adinai, wanda cokali biyu zuwa uku na STPP (garin sinadarin da ke tausasa irin wannan ruwa) ke gyarawa, ko daga sanyin hunturu, wanda yakan washe da rana ta yi zafi.

Fomalin da wasu ke sawa don kada sabulu ya yi wari ban goyi bayansa ba ko kaɗan, domin yana cikin sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, ga shi sabulun kwanon abinci ne. Ki yi da ruwa mai tsabta, jarka wankakkiya mai murfi, ki haɗa abin da zai ƙare cikin wata ɗaya zuwa biyu. Mai niyyar liƙa suna a kwalba ta kai kasuwa a Najeriya kuwa, sai ta yi rajista da NAFDAC.