Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Kwana 12 ba ci ba sha

"Mai sana'a ba ta raino." Abin da Hajiya, uwar mijina, ta faɗa ke nan ranar da Auta ya kurɓi ruwan sodar da na jiƙa don haɗa sabulu, yana ɗan shekara 3. A robar lemo na zuba, laifina ne, na ɗauka. Amma da kuɗin sabulun nan jikokinta ke zuwa makaranta, wannan kam ba ta faɗa ba.

Soda ta ƙone masa hanyar abinci, da wurin ya warke sai ya tsuke, ko koko ba ya wucewa. Muka kama zaryar asibiti a Kano, a sa shi barci a buɗa wurin kaɗan-kaɗan. A zuwa na huɗu wurin ya huje. Da dare zazzaɓi ya rufe shi, numfashi sama-sama, na taɓa wuyansa na ji ƙas-ƙas a ƙarƙashin fata. Iska ce ke fita ta hujin, in ji likita.

Babansu ya ce a yanka a ɗinke kawai. Likitan ya ce, "Alhaji, an gano da wuri, hujin kuma ƙarami ne. Na yara yakan haɗe da kansa, muddin ba abin da ya bi ta baki." Suka ɗaura ƙarin ruwa, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, suka sa roba a gefen ƙirji tana janye ruwan da ya taru. Abinci ta robar da aka sa masa a ciki. In zazzaɓi ya ƙi sauka, sai tiyata.

Kwana na uku Hajiya ta zo dubiya da rubutu a gora. Ta ce wane irin magani ne a hana yaro ruwa? Na durƙusa na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, a shafa masa. In ya sha, ƙirjinsa zai gangara." Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa musa mata ba sai ranar. Ta dube ni ta maimaita maganarta, a gaban nas.

Bara da ta kwanta, mai sana'ar nan ce ta yi jinyarta, da kuɗin sabulu. Ban tuna mata ba. Allah ya jiƙanta.

Ranar kwana 12 aka ba shi wani ruwa ya haɗiya aka ɗauki hoto, babu yoyo. Likita ya ce cokali ɗaya na ruwa. Auta ya shanye, ya damƙe cokalin da haƙora ya ƙi saki.