Motar dizal ta zamani ba irin ta da ba ce

Sunan juriya da injin dizal ya yi, tsofaffin injina ne suka samo masa, irin Mercedes 911 da tsohuwar Hilux mai injin 3L, waɗanda famfonsu ba ruwansa da kwamfuta. Wadda ake shigowa da ita yau daga Turai wata aba ce daban, kuma wanda ya riƙe ta riƙon 911 zai sha kashe kuɗi.

Kusan duk matsalarta daga mai take farawa. Famfonta yana matse dizal da ƙarfin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi, alhali iskar taya ba ta wuce bar 2 da ɗoriya ba. Wannan famfo ba shi da wani abin da ke ba shi santsi sai dizal ɗin kansa. Idan an surka man da kalanzir, santsin ya ragu. Idan ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Daga nan famfon zai fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi layi ya shiga nozul masu fesa mai cikin injin, ya kuma dawo tanki ta bututun da ke mayar da rarar mai. A wannan matakin canza famfo kaɗai asara ce: sai an haɗa da nozul duka, an sauke tanki an wanke, an wanke layuka. Shi ya sa man jarka na 'yan bumburutu, da ragowar man janareta da ya daɗe a duro, ba na wannan motar ba ne.

A motoci da yawa akwai ɗan makunni a gindin filtar mai. Duk wata, musamman da damina, a tara kwalba mai haske a kwance shi kaɗan. A ajiye kwalbar minti biyar: in da ruwa, za a gan shi kwance a ƙasa, dizal na sama. Filtar kuwa gara a canza ta duk kilomita 10,000, ko da littafin motar ya ba da tazarar da ta fi haka, domin da man Turai aka yi wancan lissafin. Kada a bar yaron gareji ya cika sabuwar filta da man galan don mota ta tashi da wuri. Da famfon hannu ake jawo man, in motar na da shi. In kuma aka yi kuskuren zuba fetur a gidan mai, ko makulli kada a murɗa, a tura motar gefe a zuƙe tankin.

Abu na biyu, wanda ya fi wahalar da masu zirga-zirgar cikin gari, shi ne matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wato DPF. Tun dokar hayaƙin mota ta Euro 5 ta 2009 kusan duk ƙaramar motar dizal ta Turai da ita take fitowa. Tana tara baƙin hayaƙi, idan ya taru kwamfutar motar ta ƙara fesa mai don zafi ya kai kusan digiri 600 ya ƙone shi. Ƙonawar tana son tafiya miƙaƙƙiya ta minti 20 zuwa 30. A Kaduna, motar da aikinta daga Unguwar Rimi zuwa Kasuwar Gumi ne, sai cunkoson Kawo da yamma, ba ta samun wannan damar. Maganin mai sauƙi ne: kowane mako ko biyu a hau hanyar Zariya a riƙe gudun 80 ba tsayawa. Idan an faka aka ji fanka na ta juyawa, injin ya ɗan ɗaga murya, ga warin zafi, ƙonawar ce ba ta ƙare ba. Yawan kashe mota a wannan halin yana gangarar da dizal cikin baƙin mai. A zaro sandar awo: in mai ya haura alamar cika maimakon ya ragu, kuma yana warin dizal, a yi juye nan take.

Baƙin man ma ba kowanne ba. Mota mai DPF tana son mai ƙarancin toka, irin wanda aka rubuta ACEA C3 ko C2 a jikin galan, gwargwadon abin da littafinta ya ce. Man tirela yana barin tokar da wuta ba ta ci, sai dai a kwance matatar a wanke. Sannan al'adar nan ta cire tamostat, mai daidaita zafin injin, da sunan ƙasarmu akwai zafi, a nan ɓarna ce, don injin da bai kai zafinsa ba kwamfuta ba ta fara masa ƙonawa. Da yawa cire matatar suke yi gaba ɗaya. A ganina an dai kwashe hayaƙin ne an zuba wa mai babur ɗin da ke baya, kuma nozul mai ɗiga da ya jawo toshewar yana nan.

Motocin Euro 6 da yawa suna da tankin AdBlue, haɗin yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa da ake fesawa cikin salansa don tsabtace hayaƙi. In ya ƙare, mota ba za ta sake tashi ba. Zafin rana na lalata shi, kuma takin yuriya da aka jiƙa ba ya maye gurbinsa.

Lokacin hunturu a riƙa duba filtar iska duk mako biyu, don ƙurar da ta tsallake filtar, fukafukan turbo mai tura iska cikin injin take ci. Bayan doguwar tafiya daga Abuja, a bar injin minti ɗaya ko biyu turbo ya huce kafin a kashe.

Sai batun bakanike. Kayan gyara ana iya nema a kasuwar Panteka, amma sabon nozul yana da lambar da ake shigar wa kwamfutar motar, kuma wanda ba shi da na'urar bincike canke kawai zai yi da kuɗinka. Kafin a biya kuɗin mota, a tafi da mai na'urar ya karanta yawan tokar DPF da gyaran da kwamfuta ke yi wa kowane nozul, a kuma tayar da injin da sassafe yana sanyi a ga irin hayaƙin da zai fitar.