Zumar da ta fi kuɗin motata tsada

Shekaranjiya na dawo Garwa daga Ngaundere, har yanzu sanyin can bai sake ni ba. Mu da muka saba da zafin bakin Binuwai, mota na gama hawa dutsen nan sai ga ni ina neman mayafi.

A wani shinge jandarma ya karɓi katina, ya juya gaba ya juya baya kamar mai duban goro, sannan ya cillo mini ba ko kallo. Na haɗiye.

Kawu ya sauke ni. Bayan la'asar ya ja ni wani kanti, nan na ga 'yar kwalba da wani abu fari mai kauri, na ɗauka man shanu ne. Wai zuma ce! Farar zumar Oku, daga dajin Kilum-Ijim da ke kan duwatsun Arewa maso Yamman Kamaru. Da aka faɗi kuɗin sai da na yi salati. Na taya, mai kantin ya ce albarka, ya nuna mini tambarin jikin kwalbar.

Kawu ya ce, "Ɗana, sunan kake saya." Tun 2013 ƙungiyar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar sunayen kaya a wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, ta yi wa zumar rajista, ita da masoron Penja. Wanda bai samo ta daga yankin ba, bai bi ƙa'idar masu ita ba, ba shi da ikon sa mata wannan suna. Ya ce 'yan Nijar ma sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi haka.

Abin ya tsaya mini a rai. A kasuwa, ga baƙar zumar Adamawa jere a tsofaffin gorunan ruwa, ba suna ba tambari, sai ka ɗiga a takarda ka gani ko an sirka. A bakina ba ta gaza farar ba. Kilishin Marwa kuma, da ake tsarabarsa har Duwala, a takarda kawai ake naɗe shi, kowa ya yanka nama ya ce na Marwa ne.

Duk da haka na sayi ƙarama ɗaya, don Inna ta gani. Kawu ya haɗa mini da gora biyu na baƙar, ya hana ni sa hannu a aljihu.

Dawowa barci na yi har Ngong. Inna ta lasa farar, ta ce a miƙo mata baƙar.